Hijabin Aro da Jakar Citta

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya tambaya, a kasuwar Kafanchan tambaya, har a coci ana tsakiyar waƙa sai in ji an taɓa ni ta baya: "Murna, yaya ƙasar waje? Yaushe za ki koma?" Ni kuwa in na fara ba da labarin, akwai wurin da in na kai sai in kasa ƙarasawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, ku 'yan zumuntar matasa ku karanta, ku miƙa wa juna, ku bar ni in sha iska.

Kun san na gama sakandare da sakamako mai kyau, na zauna gida a Fadan Kagoma ina ɓare citta, sa'o'ina suna wucewa makaranta. Tun ina ƙarama aikin nas nake so. Wata Lahadi bayan sujada Fasto ya kira ni, bakinsa har kunne. Ya ce abokinsa ya yi masa waya, akwai wata jami'ar Kirista a ƙasar Binin, gaba da Kwatano, suna da gurbi kyauta na yarinya ɗaya daga Arewa mai jin Hausa. Karatu, ɗaki, abinci, duka. Sharaɗin kawai in je bikin tunawa da kafa jami'ar su gan ni. Na tambaye shi ko akwai jarrabawa. Ya ce, "'Yata, wannan ba maganar jarrabawa ba ce, alheri ne." Wannan gurbin shi ne abin da na je nema, ku riƙe shi a rai, don duk wautar da za ku ji na yi, saboda shi na yi.

Kaka da ta ji mutanen mishan ne, sai ta ɗauko baƙar jakar goyo da na yi sakandare da ita, ta cika ta taf da busasshiyar citta. Ta ce, "Ba a zuwa wa mutanen mishan hannu wofi. Kakanki kayansu ya ɗauka a ka, su suka yi masa baftisma a rafi. Ki miƙa wa babbansu hannu da hannu."

Aka haɗa ni da Mama Nkechi, mai shagon gwanjo a kasuwar Kafanchan, wadda ke zuwa Kwatano sarin kaya. A kwatas ɗin 'yan reluwe aka haife ta, Hausarta ta fi tawa sauri, sai dai a bakinta kowa namiji ne. Tana ganina da jakar ta ce, "Kai, yarinya! Makaranta za ka je ko kasuwa? Wannan tsohon zai sa a kama mu a boda."

Muka bi ta Kwoi zuwa Keffi, a Abuja muka shiga babbar mota mai zuwa Legas. Motar ba ta gama fita tasha ba wani mai kwat ya miƙe ya yi mana addu'a mai zafi, ya ɗaure aljanun hanya, ya rufe tayoyi huɗu da jinin Yesu. Muna cewa amin ya buɗe jaka ya fara tallar maganin basir. A gadar Lokoja na rufe ido har muka haye, don ban taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba.

Gaba da Okene ɗaya daga cikin tayoyin da aka yi wa addu'a ta fashe. Ni dai ban san lokacin da na shige ƙarƙashin kujera ba, takalmana a yashe, kaina tsakanin ƙafafun wani bawan Allah. Mota ta tsaya lafiya, mutane suka kama dariya. Mama Nkechi ta jawo ni ta ƙafa tana ce musu da Turancin kasuwa su rufe baki, ba su san inda na fito ba.

Ku kun sani, amma saboda wanda takardar nan za ta faɗa hannunsa bari in faɗa. Tun shekarar da mahara suka shigo unguwannin da ke bayanmu, yayana Yohanna ya tafi gona bai dawo ba, mu muna da dokarmu in an ji ƙara. Ba a waiwaya a ga ko mene ne. A zubar da takalmi, a sunkuya, a nufi inda shuka ta fi tsayi. Ko a Kirsimeti dagacinmu ya hana yara fasa banga, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga. Ba kai ne yake yanke shawarar ba, ƙafa ce.

A Legas muka sauka wurin ƙanwar Mama, ɗaki ɗaya, rabinsa dilolin gwanjo. Aka ba ni eba da miya mai yauƙi da wani abu mai ƙaho a ciki, suka ce dodon koɗi ne. Na ce na ƙoshi. Abin da ya ba ni mamaki a garin, hayaniya ba ta tsayawa, janareta ta ko'ina, amma ba wanda ya damu ya san ta wace ƙofa zai fita in wani abu ya faru.

Washegari muka kama hanyar boda. Ban taɓa sanin kaki yana da launi da yawa haka ba. Mai kakin farko ya buɗe jakata, ya shinshina, ya yi atishawa, ya ce mura na damunsa, ya ɗebi hannu guda. Na gaba shi matarsa ce ke mura. Na bayansa bai ma yi ƙaryar ciwo ba, ya ɗeba kawai. Mama ta ce, "Ka gode Allah bodan ba shi da faɗi, da jaka kawai za ka kai musu."

Muna hayewa kunnena ya mutu, kowa Faransanci. 'Yan acaɓarsu duk riga rawaya. Mata suna tuƙa mashin da goyo a baya da tire a ka, ba mai kallonsu. Ana sayar da fetur a manyan kwalabe dab da mai suyar doya, kowa hankalinsa kwance. Burodinsu dogo ne mai tauri kamar taɓarya, suna tsaga shi su zuba taliya a ciki. Na ce wa Mama abinci biyu ne wannan aka haɗa don rowa.

Mama ta raka ni har ƙofar jami'ar, ta ce za ta yi sarinta ta dawo ranar biki ta ga yadda za a yi da "ɗanta".

Jama'a, wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Tutocin ƙasashe jere tun daga ƙofa. Ga fili shimfiɗe da ciyawa kore shar, ana ba ta ruwa safe da yamma, ba ta haihuwar komai, ko akuya ba a bari ta taɓa. Wani ɗalibi ya zagaya da mu baƙi, ya kai mu gaban wani tsohon keke da aka sa a akwatin gilashi. Ya ce na Baturen da ya kafa jami'ar ne, da shi da akwati ɗaya ya zo, ya durƙusa gindin mangwaro ya ga wahayi: dukan al'ummai zaune a tebur ɗaya, ba mai tsoron ɗan'uwansa. Wannan maganar an rubuta ta a ƙofa, an rubuta a bango, har a jikin kofin shayi. Daga inda muke tsaye ina hango katangar jami'ar da wayar lantarki a kanta, da karnuka masu girman maraƙi. Da lokacin abinci ya yi kuma sai na ga tebur ɗayan nan ya haihu: ɗakin cin abincin Turawa daban mai sanyi, na malamai daban, namu can baya kusa da wurin wanki. Ana addu'a da Faransanci, a maimaita da Turanci, kafin amin ta biyu kifin ya huce. Abincin wani farin abu ne mai tsami kamar kamun da ya kwana ya daskare. Na tuna faten accan Kaka, hawaye ya zo mini.

A ɗakin kwana aka haɗa ni da Doshima, 'yar Binuwai, tana shekara ta biyu a karatun nas. Ta taɓa zama a garin Lafiya, tana jin Hausa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce sabuwar Hausa?"

Na ce, "Ni ba Bahaushiya ba ce, Hausa dai nake ji. Ni 'yar Kagoma ce."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ni ma ai 'yar Cadi ce. Shekara biyu ke nan ina Cadi. Wancan dogon da ya nuna muku keke, shi ne Mali, ɗan Ilori ne."

Ban gane ba sai da safe, da aka kai ni ofishin Madam Odil, shugabar sashen bishara ga al'ummai. Mace ce mai ƙamshi, murmushinta ba ya motsi. Ta rungume ni, ta ce da Turanci mai ɗanɗanon Faransanci sun daɗe suna addu'a Ubangiji ya ba su 'ya daga cikin mutanen da bishara ba ta kai gare su ba. Sannan ta buɗe kabad ta fito da hijabi baƙi, dogo har ƙasa.

Na ce, "Ma, ni Kirista ce. Babana dattijon ikilisiya ne."

Ta ce, "Mun sani, ɗiyata, mun sani. Alama ce kawai. Gobe jikan wanda ya kafa jami'a zai zo da masu tallafa mana daga ƙasashen waje. Suna so su ga girbi da idonsu. Za a kira Hadiza, ki fito da wannan, ki miƙa kyautarki, ki cire shi a gaban kowa, a yi tafi. Ba sai kin ce komai ba."

"In ban sa ba fa, Ma?"

Murmushin bai motsa ba. "Gurbin na 'ya'yan girbi ne."

Na koma ɗaki. Na tuna Zainab da muka yi aji ɗaya a Kafanchan, wadda muke cin awara a leda ɗaya, na ce in ta ga hotona a haka da wane ido zan dube ta. Doshima ta ce, "'Yar'uwa, rana ɗaya ce a shekara. Sauran kwanakin allura ake koya miki ta gaske. Ko kin fi son ki koma ɓare citta?" Ban fi so ba. Na sa. Mai hoto ya zo ya ɗauke ni gaban keken nan, ya ce in yi murmushi kamar wadda aka cece ta yanzu-yanzu.

Ranar biki fili ya cika. Rumfar manya tana gaba, bishop-bishop da manyan riguna, Turawa sun yi ja saboda rana, jikan mai keke a tsakiya, ƙato mai gemu. Bayan rumfarsu akwai gonar gwaji ta 'yan sashen noma, masara ta yi tsayi ta fi mutum. Ina shiga filin ita idona ya fara gani, don mu duk inda muka je abin da muke fara nema ke nan.

Aka yi wa'azi a kan tebur ɗaya. Aka yi waƙa a kan rashin tsoro. Shugaban jami'a ya ce a wannan harabar ƙauna ta kashe tsoro an binne shi. Sannan aka fara kiran al'ummai. Mali ya fito da rawani yana tafiyar raƙumi. Cadi ta fito, Doshima ke nan, an zana mata tsaga da kwalli. Aka kira Hadiza. Na fito cikin hijabi, zufa na bin bayana, jakar Kaka rungume a ƙirjina.

Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, suna da al'ada a bikin nan: in al'umma ta ƙarshe ta fito, sai a saki banga don murna. Ba irin ƙananan na yara ba. Manya, a jere, daga bayana.

Nan ne wurin da nake kasa ƙarasawa.

Na ji ta ta ta ta, sai na ga ba ni a Binin. Na zubar da takalmi, na sunkuya, na nufi masara. Masara kuwa tana bayan rumfar manya. To ku auna abin da su suka gani: yarinya cikin baƙin hijabi, ƙara na tashi, ta rungume baƙar jaka, ta nufo su a guje. Jakar ta yi mini nauyi, na jefar da ita, ta faɗa daidai gaban teburinsu.

Daga baya Mama Nkechi ta ba ni labarin abin da ban gani ba, don tana cikin 'yan kallo. Ta ce tsoron da aka binne ya tashi tun kafin kwana uku. Bishop biyu suka yi karo a ƙarƙashin tebur. Shugaban jami'a ya ture mai fassara ya bi ta kansa. Jikan mai keke, da girmansa, ya tsallake shingen furanni kamar ɗan akuya. Tutocin al'ummai duk aka tattake su. Mali ya yar da rawani yana ihu da Yarbanci.

Ni ban kai masarar ba. Wani mai gadi ya sha gabana ya maka ni da ƙasa, ya sa gwiwa a bayana, wani ya take mini hannu. Bakina cike da ciyawar nan mai tsada. Ina jin numfashin kare a kunnena. Ina kiran Yesu, ba mai ji, hijabin ya rufe mini fuska. Na ji wani abu mai sanyi a ƙeyata. Har yau ban san ko bindiga ce ko tocila ba, kuma ba na so in sani. Abin da ya zo mini a rai kawai shi ne, ashe Yohanna ma haka ya ji.

Sai na ji muryar Mama kamar jiniyar jirgi. Ta zo da lema tana zabga wa mai gadin, Hausa da Ibo da Turanci duk a haɗe. "Ka sake shi! Ɗana ne! Ku kuka sa masa rigan, yanzu ku ne kuna tsoron rigan? Marasa kunya!" Ta fizge hijabin, ga kitsona, ga sarƙar gicciye da Kaka ta rataya mini.

Jakar kuwa an daɗe ba wanda ya matsa kusa da ita. Ƙarshe wani ya samo dogon gora ya zungure ta daga nesa, zif ɗin ya buɗe, cittar Kaka ta watse a kan jan kafet. Haka kyautar ta isa hannun babbansu.

Da yamma aka kai ni ofishin Madam Odil, leɓena a kumbure, Mama na biye da ni da lemarta. Wannan karon ba a rungume ni ba. Madam ta ce na kunyata jami'a a gaban baƙi. Can sai murmushin ya dawo wurinsa. Ta ce amma Ubangiji yana iya juya komai. Baƙin sun girgiza ƙwarai, zukatansu a buɗe suke. In zan tsaya gabansu a taron addu'a in ce na gudu ne don na tuna yadda dangina suka bi ni za su kashe ni saboda na karɓi Yesu, to gurbin yana nan, har ma da ƙari.

Na yi tunanin farar rigar nas. Na daɗe ina tunaninta, ba zan ɓoye muku ba. Sannan na yi tunanin babana, wanda ke share coci da hannunsa ranar Asabar, a ce wai shi ya bi ni da adda.

Na ce, "Ma, gudun da na yi na gaske ne. In suna so in gaya musu dalilinsa zan faɗa, sunan yayana Yohanna. Amma mu Kirista ne tun kakana. Ba gurbi na irinmu?"

Ta juya biro a hannunta. Ta ce labarin yayana abin tausayi ne sosai, za su sa mu a addu'a. Amma tsofaffin Kirista suna shiga ta ƙofar kowa, su biya kamar kowa.

Mama ta miƙe ta ce, "Tashi mu tafi. Kakanka ya yi saurin tuba, shi ne laifinka."

Doshima ta raka mu har ƙofa, tsagar kwallin ba ta gama gogewa ba. Ta cusa mini burodin taɓarya a leda ta ce in ci a hanya. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ni ma ban ce mata komai ba, don ita za ta zama nas.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Na zauna tsakanin dilolin gwanjo, a boda ba wanda ya yi mura tunda ba citta. Fasto da ya ji, ya ce wataƙila ban yi haƙuri ba ne, ƙofar da Ubangiji ya buɗe ba a tsayawa auna faɗinta. Na ji an ce yana neman wata yarinyar. Wadda duk aka zo wa da maganar a cikinku, ta zo ta same ni tukuna.

Kwanan baya Mama Nkechi ta sake zuwa sari, ta dawo mini da tsaraba: kalandar jami'ar ta sabuwar shekara. Ga ni nan a shafin farko, gaban keke, cikin hijabi, ina murmushi. A ƙasa an rubuta Hadiza, nunan fari na girbinmu a Arewa. Gurbi dai ban samu ba, amma ina jami'a.

Na so in cusa ta a murhu, Kaka ta riga ni. Idonta ya yi rauni yanzu. Ta kai hoton dab da hancinta, ta daɗe tana dubawa, ta sa ƙanena ya karanta mata rubutun. Sai ta ce, "Allah sarki, 'yar mutane. Dubi idonta, wannan yarinyar a tsorace take." Ta rataye kalandar a ƙusa saman gadonta. Yanzu kullum da safe in muna addu'ar gida, bayan ta ambaci Yohanna, ta ambaci ni da neman makarantata, sai ta ƙara da Hadiza, Ubangiji ya tsare ta a hannun mutanen da ta faɗa.

Ban gaya mata ba. Ina cewa amin.